Laftof ɗin Baffa da aka ce ta yi ritaya

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na biya gidanmu na cikin birnin Zariya in gaida Baffa, kamar yadda na saba. Mun gaisa, na sha furar da aka kawo, har na fara laluben takalmina, sai ya ce in ɗan dakata. Ya shiga ɗaki, ina jiyo shi yana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Can sai ga shi da wata baƙar jaka wadda zif ɗinta ya mutu tuntuni, ya dire ta a gabana.

"Kai ne mai ta'ammali da waɗannan abubuwa. Duba min ita, ka faɗa min gaskiya tsakaninka da Allah."

Na san laftof ɗin. 'Yar 2008 ce, irin masu kaurin nan da in ka rataya daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo sai kafaɗarka ta ba ka labari. Ya saye ta ne a shekarunsa na ƙarshe a aikin koyarwa, lokacin da aka taso malamai a gaba a kan lallai kowa ya iya kwamfuta. Da ya cika shekara 35 ya ajiye alli, ita ma aka mayar da ita jaka. Sai dai in jikoki sun zo hutu su zaro ta su yi wasan kati su mayar.

Abin da ya sa ya tono ta yanzu, littattafansa ne. Baffa yana da littattafan rubutu guda 11, irin na 'yan makaranta, cike da rubutun hannunsa: salsalar gidanmu, malaman da suka yi zaure a unguwar, waƙoƙin niƙa da ya ji a bakin kakarsa, da karin maganar da ya yi ta tsinta a ƙauyukan da aka tura shi koyarwa. Ya taɓa ba da na farkon a wani shagon buga takardu. Da aka kawo masa, duk ƙugiyoyin haruffa sun ɓace. Inda ya rubuta an yi faɗa a fada, sai ga "an yi fada a fada". Baƙi suka koma baki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ja wa yara kunne a kan ɓ da ɗ da ƙ, ai kun san bai kai shafi na biyu ba. Ya ce da hannunsa zai buga abinsa, ko da yatsa ɗaya ne.

Ashe kafin ya neme ni ya hau napep da kansa ya kai ta wurin wani mai gyara a Sabon Gari. Mai gyaran ya kunna, ya jira, ya gaji da jira, ya ce, "Baba, wannan ai ta yi ritaya. Ka ba 'yan gwangwan, ka cika kuɗi in samo maka ta hannu mai kyau."

"Na ce masa ni ma na yi ritaya," in ji Baffa, "kuma da ƙafata na zo shagonka."

Na yi dariya, amma ban ga laifin mai gyaran ba. Abin da ya sani ya faɗa. A kasuwarsa in an ce kwamfuta to Windows ake nufi, kuma ta nan gaskiyarsa ce. Windows 7 ce a kanta, wadda Microsoft ta daina aiko wa gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020. Chrome ma a lamba 109 ya tsaya a kan Windows 7, tun farkon 2023 bai ƙara gaba ba. Windows 10 da za a ce a lallaɓa a ɗora mata, ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma ko bai cika ba, RAM ɗinta mai 2GB, wato wurin da kwamfuta ke baza aikin da take kai, da faifan ajiya mai juyawa ba za su ɗauke ta da daɗin rai ba. Windows 11 kuwa ba a ma kawo zancenta. Tana neman RAM 4GB, wurin ajiya 64GB, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa na baya-bayan nan, a ɓangaren Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Ta Baffa Core 2 Duo ce. Ko bakin ƙofa ba za a bari ta tsaya ba.

Na rataya jakar na hau mashin na koma Samaru.

Aikin farko da na yi mata bai shafi manhaja ba ko kaɗan. Na kunna ina kallon agogo: minti 7 kafin in taɓa abu ya amsa, fanka tana kuka kamar injin markaɗe, gindinta ya ɗau zafin da sai ka janye cinyarka. Na kashe na kwance bayanta. Tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi na tarar da wani dunƙulen ƙura da ya haɗe ya zama kamar guntun bargo, hunturun shekara goma sha wani abu a wuri ɗaya. Na zaro shi da tsinken sakace, na bi da tsohon buroshin haƙori, na kankare busasshen man da ke kan furosesa na shafa sabo. Duk mai son tayar da tsohuwar kwamfuta a garin nan, daga nan zai fara. Furosesa in ya ji zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai mutum ya yi ta tsine wa manhaja alhali ƙura ce ta shaƙe ta.

Sai ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogon kwamfuta. Ya mutu, don haka duk sanda aka kunna ta sai ta farka a shekarun da aka ƙera ta. Abin kamar wasa, amma burauza tana duba kwanan wata kafin ta yarda da shaidar tsaron shafi, in agogo ya ce mata ana 2008 ne sai ta ƙi buɗe kusan komai. Na san mutanen da aka yi wa fomatin har sau biyu a kan wannan batirin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Kafin in taɓa faifan ajiyar na kwashe duk abin da ke ciki zuwa wani na daban. Akwai tambayoyin jarrabawa da ya tsara, akwai hotunan walimar ritayarsa. A ciki na ci karo da hoton mahaifina, Allah ya jiƙansa, cikin babbar riga yana dariya har da riƙe ciki, hoton da ban taɓa gani ba. Daren nan ban ƙara yin wani aiki ba.

Ni dai Linux, wanda ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows, ba baƙona ba ne. Ina ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello wani abokina ya ce min kamfanin da ke yin Ubuntu, wani nau'in Linux, yana aiko wa mutum faifan CD kyauta, in dai ya cike fom a intanet. Na cike ne don in ƙaryata shi. Bayan wasu makonni sai ga ambulan ta gidan waya, faifai a ciki da 'yan sitika. Sun rufe shirin a 2011, amma ni ya riga ya kama ni. Abin da ya fara jan hankalina ma ba manhajar ba ce, jin da na yi cewa mai kamfanin, Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu ne, kuma sunan Ubuntu daga harsunan Zulu da Xhosa aka ɗauko shi, ma'anarsa kusa da abin da mu muke kira mutuntaka.

Ga wanda bai saba ba, ga yadda nake yi wa yaran da nake koya wa kwamfuta bayani. Shi Linux ɗin kansa, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, kamar ginin ɗaki ne: tushe, bango, rufi, wayar wuta. Abin da ido ke gani kuwa, wato jerin manhajoji da tagogi da 'yan hotunan da ake latsawa da sandar ƙasa mai agogo, wannan kayan ɗaki ne, kuma daban ake shigo da su. A Windows ɗaki da jerensa tare ake miƙo maka, ba ka da ta cewa. A Linux kai ne gwaggon amarya, kai za ka yi jere. RAM kuma shi ne faɗin ɗakin.

GNOME jeren 'yar attajiri ne, gado da wadrof da kujeru da labule bango zuwa bango. Kyau kam akwai, amma in ɗakin ƙarami ne sai ka rasa inda za ka shimfiɗa sallaya. KDE ma da can haka yake, ko da yake ya rage teɓa a 'yan shekarun nan. Xfce, wanda wani Bafaranshe mai suna Olivier Fourdan ya fara a 1996, gado ne da kujera da 'yar durowa, komai akwai kuma babu abin da ya yi yawa. LXDE wani ɗan Taiwan ne ya fara shi a 2006, Hong Jen Yee, wanda likita ne ma a sana'a. Daga baya aikin ya haɗe da wani mai suna Razor-qt aka sami LXQt, shi ne Lubuntu, wato Ubuntu mara nauyi, ta koma kansa tun 2018. Akwai MATE, da aka tsago daga tsohon GNOME 2 a 2011 lokacin da sabon bai kwanta wa mutane ba. Can ƙasa kuma akwai su IceWM da JWM da Fluxbox, waɗanda tabarma ce da buta da ƙusar rataye riga.

Duk kyauta ne, kuma ba irin kyautar faifan bayan kanti ba da ake cewa an fasa makullinsa. Lasisinsu ne da kansa ya ce ka kwafa, ka raba, ka buɗe cikinsu ka gyara in ka iya. Shi ya sa har yau ake samun masu kula da tsofaffin injina. Kamfani ba shi da riba a laftof ɗin 2008, amma akwai wani bawan Allah a wata ƙasa da ke da irinta a gida, ya ƙi rabuwa da ita, kuma ya iya rubuta manhaja.

Akwai abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya ƙona datarsa. Windows ɗin da ke kan ta Baffa mai 32-bit ce, kuma da yawa in sun ga haka sai su ɗauka injin ma iyakarsa ke nan. Ba haka ba ne, Core 2 Duo yana ɗaukar 64-bit. Waɗanda suka maƙale a 32 su ne irin Pentium M, da Core Duo wanda babu lamba 2 a tsakiyarsa, da Atom N270 na ƙananan laftof ɗin nan da aka taɓa yayi. In ka tayar da Linux daga filas ka rubuta lscpu a tagar ba da umarni, a layukan farko zai faɗa maka. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin ƙofofin 32-bit sai rufewa suke yi. Lubuntu ta bari bayan 18.10, babban reshen Linux Mint ya tsaya a 19.3, Debian ma da ta fi kowa haƙuri ta sauke shi a fitowarta ta 13 cikin Agustan 2025. Saura irin su antiX, da wasu daga cikin 'ya'yan Puppy Linux, wanda Barry Kauler ya fara a Ostireliya a 2003, mai kwashe kansa gaba ɗaya ya zuba a RAM ya yi aiki daga can.

Na jira tsakar dare lokacin da data ke araha na sauke guda 3: Linux Mint mai Xfce, Lubuntu, da antiX. Na biyun farko kowanne ya doshi 3GB, saboda haka in kana da abokin da ke da su a filas ka roƙa, halal ne. Na zuba su duka a filas ɗaya da Ventoy. Sau ɗaya ake shirya filas da shi, daga nan sai dai ka riƙa jefa fayilolin ISO, wato Linux ɗin da ka sauke, ciki kamar yadda ake tura karatu ko waƙa, in ka tayar da kwamfuta ya jero maka su ka zaɓa. Maɓallin da ke kai ka wurin zaɓen ya danganta da kamfani, a HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo F12.

Na ɗora su bi da bi a wani tsohon faifai nawa ina duba abin da kowanne ke ci kafin a buɗe komai. antiX da IceWM bai kai 200MB ba. Lubuntu ya ɗan haura 500MB. Mint ya doshi 800MB. A ɗakin da faɗinsa 2GB ne, ai lissafin a fili yake. antiX ya tashi kamar an tsikare shi, ka latsa abu kafin ka ɗauke yatsa ya buɗe. Na ji daɗi har ina magana ni kaɗai. Na ɗora shi, ranar Asabar na kai wa Baffa ina ta washe baki.

Ya sa tabarau ya zauna. Abu na farko da idonsa ya faɗa a kai shi ne wasu ƙananan lambobi da antiX ke nunawa a gefen allo, na RAM da furosesa da faifai, suna ta canzawa.

"Waɗannan da ke motsi fa, kuɗi suke ci?"

"A'a Baffa, lafiyar injin suke nunawa."

"To in ta tashi rashin lafiya ni me zan yi mata?"

Ban da amsa. Na ce ya buɗe wurin rubutu. Ya kama linzami ya yi ta yawo, ya latsa dama bisa kuskure wani dogon jeri ya zubo, daga jikinsa wani ya fito, daga jikin wannan wani. Rubutun ƙanana, sunayen manhajojin babu wanda ya taɓa ji. Ya sa filas ya zauna yana jiran abin da ya saba gani, bai gane inda ta shiga ba. Bayan kamar minti 20 ya cire tabarau ya ninke, ya ce, "Gudu kam tana da shi. Allah ya yi maka albarka." Duk wanda ya san Baffa ya san an kore ni ke nan.

A kan mashin ina komawa na gane wautata. Wa kaina na yi zaɓe, ba wa Baffa ba. Mu masu wasa da waɗannan abubuwa muna da wata cuta ta ƙirga megabait, mutum ya kwana yana murna ya rage 80MB, ya manta wanda zai zauna a gaban injin dattijo ne mai shekara saba'in da ɗoriya da ke son ya ga abu inda ya bar shi jiya. antiX ba shi da laifi, kuma duk abin da ya rikita Baffa ana iya gyara shi in an zauna. Amma ni ina Samaru shi yana cikin birni, duk abin da ya kuɓuce masa sai na hau mashin. Tabarma da buta sun ishi almajiri. Baffa kujera yake so.

Sai na juya lissafin: maimakon in yi ta rage kaya, bari in faɗaɗa ɗakin. Na shiga Sabon Gari neman RAM irin DDR2, wanda yanzu ba ka samunsa a cikin kwali, sai dai a zazzage maka wata roba cike da waɗanda aka ciro daga matattun injina ka tsinta. Na samu guda biyu masu 2GB, na gwada su a wurin kafin in biya, suka zama 4GB. Na haɗa da ƙaramin SSD, wato faifan ajiya na zamani, mai 128GB. In kuɗin mutum na abu ɗaya ne kacal, SSD zai saya. Mahaɗar tsohon inji ba za ta bar shi ya yi cikakken gudunsa ba, amma ba gudun ne abin ba. Faifai mai juyawa sai allurarsa ta yi ta kai da komo tana neman ƙananan fayiloli ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Rabin nawar tsohuwar kwamfuta a nan take.

Ina tsakiyar ɗora Mint aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin ko ƙiftawar ido ba ya riƙewa, na kuma san haka, ganganci ne kawai irin na wanda ya ga wuta ta kwana biyu. Allo ya yi baƙi, aiki ya koma farko. Washegari na ɗauke ta zuwa wurin maƙwabcina mai sola na ƙarasa. Sai kuma wifi ya ƙi tashi. Katin nata irin waɗanda direbansu ba ya zuwa a shirye ne saboda sharaɗin lasisi, sai an sauke daga intanet, intanet ɗin kuma sai da wifi. Makulli a cikin ɗaki, ɗaki a kulle. Maganin ba wuya: ka haɗa wayarka da kebul ɗin caji, ka kunna raba intanet ta USB, Linux zai ɗauke ta kamar wayar intanet ce aka jona, sai ka buɗe manhajar direbobi ta Mint ta nemo wanda ya dace. Yanzu daga latsa maɓalli zuwa fara rubutu ba ta cika minti ɗaya.

Sauran aikin na jere ne. Na ƙara girman rubutu ko'ina. Na share fuskar allo na bar abu uku: wurin rubutu, jakar da littattafansa za su zauna, da burauza. Na sa LibreOffice, wato wurin rubutun, ya riƙa ajiye abin da ake bugawa duk bayan minti 3, saboda wuta. Sannan na shiga saitin madannai, inda a ƙarƙashin Najeriya akwai Hausa da Igbo da Yarbanci a shirye, ba sai an sauke komai ba. Na yanka farar salatif ƙanana na rubuta ɓ da ɗ da ƙ da biro na manna a kan maɓallansu. Na zaɓa masa zanen haruffa na Noto, domin ba kowane zane ne ke da masu ƙugiya ba, wani in ka buga ƙ sai ya aro ta daga wani zanen ta fito a karkace kamar baƙuwa a cikin kalma.

Da na mayar masa, ya buga "ƙasa" ya tsaya yana kallonta. Ya buga "ɗaki". Ya buga "ɓarawo", ya yi murmushi.

"Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939," ya ce, "a ce sai an je wata ƙasa an roƙo mana ƙa mai ƙugiya."

Na ce masa ai tana nan tun tuni, masu shagon ne ba su nema ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka tsohuwa ta koma budurwa. Nauyin zamanin nan ba a jeren ɗaki yake ba, a burauza yake. Ka buɗe Facebook da YouTube a Firefox, kafin ka gyara zama sun lashe fiye da 1GB, 'yan megabait ɗin da ka yi ta tattali tsakanin LXQt da Xfce sun bi ruwa. Shafukan yanzu manhajoji ne masu zaman kansu, kuma ba ruwansu da wane Linux ka sa. Bidiyo ma haka: injin 2008 bai san sababbin hanyoyin matse bidiyo ba, furosesa ne ke ɗaukar dakon duka, don haka tafsiri a 360p ko 480p yana tafiya lafiya, in ka kai 720p sai malam ya fara in'ina. Na sa masa uBlock Origin, wanda ke tare tallace-tallace, ya rage wa RAM kaya ya kuma rage cin data. Na ce masa shafi biyu a lokaci ɗaya, kada ya wuce. Ya ce shi ɗaya ma ya ishe shi.

Ƙanwata da ke shekarar ƙarshe a makaranta ta ga abin ta ce, "Yaya, ni ma a sa min, tawa ta ishe ni da nawa." Na ce ta fara gwada babi ɗaya na furojet ɗinta a ta Baffa. Ta buga, ta ajiye shi a tsarin Word, ta kai shagon buga takardu, sai ga teburori sun yi tsalle, kan babi ya koma gindin shafi. Laifina ne da ban gaya mata ba. Zanen Calibri na Microsoft ne, ba ya zuwa da Linux, sai an sa Carlito wanda aka yi shi daidai awonsa, kamar yadda Liberation Serif ke tsaya wa Times New Roman. Kuma duk abin da za a kai bugu, a mayar da shi PDF tun daga gida, ba mai iya motsa shi. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne malaminta SPSS, manhajar lissafin alƙaluman bincike, yake so ya gani, kwafin da ke yawo a hannun ɗalibai kuma na Windows ne. Akwai PSPP da ke kama da shi har yana buɗe fayilolinsa, akwai jamovi, amma ba ni zan tsaya gaban malamin ranar kare furojet ba. Na ce ta bar Windows ɗinta har ta gama. Haka nake gaya wa masu zanen katin biki da kalanda: Inkscape, manhajar zane ta kyauta, yana da kyau, amma in madaba'ar da kake kai wa aiki fayil ɗin CorelDRAW take karɓa, kada ka bari wani mai wa'azin Linux ya raba ka da abincinka.

Riba ɗaya dai ta samu. Filas ɗinta ta kwaso bairos ɗin nan na shagunan bugu, mai ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi na bogi. Muka soka ta a laftof ɗin Baffa, inda bairos ɗin ba shi da ƙafar tafiya, ga fayilolinta nan duka a fili, ga shi shi ma a zaune tsirara. Muka goge shi. Tun daga ranar, duk filas ɗin gidan sai an kawo ta wurin Baffa wanki.

Bayan kamar mako biyu, da sassafe ko karyawa ban yi ba, sai ga kiransa.

"Kana ina? Zo ka ga abin da injin nan yake yi min."

"Lafiya dai, Baffa? Ta mutu ne?"

"Ina fa ta mutu. Gyara take yi min. Da jan biro."

Na je na tarar da shi a zaure, laftof a kan ɗan teburin da yake ɗora Alƙur'ani da rediyo, littafi na biyu a buɗe an danne shi da carbi. Shafin allo kuwa ja-wur, kowace kalma da jan layi a ƙarƙashinta. Na manta ban kashe mai duba kuskuren rubutu ba, shi kuma ƙamus ɗin Turanci yake dubawa, duk Hausar Baffa kuskure ce a wurinsa. Kalma biyu-uku kawai ya ƙyale, irin su "to" da "a".

Na yi masa bayani. Ya yi shiru yana kallon allon, can sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Shekara 35 ina jan layi a ƙarƙashin rubutun 'ya'yan mutane," ya ce yana share ido. "Alhaki ne. Wa ya sani ko wani daga cikinsu ne ya ƙera ta."

Na danna Shift da F7, jan ya ɓace gaba ɗaya. Ya matso da tabarau ya duba sama da ƙasa ya tabbatar, sannan ya tambaye ni yadda ake yin babbar Ɗ, domin waƙar kakarsa da ita ta fara. Na nuna masa. Ya ci gaba da yatsu biyu, yana rera baitin a hankali kafin ya buga, in ya rasa harafi ya yi ta shawagi da yatsa a saman madannai kamar shirwa.

Da zan tafi ya miƙo min baƙar jakar, ya ce in na bi ta Tudun Wada in ba mai gyaran takalmi ya sa mata sabon zif.